Akawun Da Ya Bar Teburi Ya Kama Burushi: Gani Odutokun, Zane Marar Sura Da Kasuwar Gombe

A Babbar Kasuwar Gombe ana cinikin zanen da bai yi kama da mutum ko dabba ko bishiya ba tun daga hantsi har faɗuwar rana, sai dai babu mai kiran sa zane. Yana jikin hular da magidanci zai ɗauka ya jujjuya a hannu, ya duba zaman zarenta, ya ajiye ya ɗauki wata domin ja ya rinjayi shuɗi a ta farkon. Yana wuyan babbar riga, yana jikin faifai da tabarma, yana bayan ƙwaryar da aka ƙona wa layuka da bakin wuƙa mai zafi. Mai saye ba ya tambayar mai tebur ma'anar murabba'in da ke cikin murabba'i, ko abin da lanƙwasar layin nan take nufi. Idonsa ne ke yanke hukunci, aljihunsa ya biya.

Amma a kwashi irin waɗannan layuka da launuka a shimfiɗa a kan ƙyalle, a ɗaure shi a katako, a jingina da bango a ce na sayarwa ne, nan take magana za ta canza. Mutumin da bai nemi bayanin hularsa ba zai tsaya ya ce, to wannan kuma hoton mene ne? Idan aka faɗa masa kuɗin, sai ya yi murmushi ya ƙara gaba.

Akwai rami tsakanin hular nan da ƙyallen nan, kuma duk ɗan kasuwa ko ma'aikacin ofis da zuciyarsa ta raya masa ya bar abin da ya saba ya koma zane a Arewacin Najeriya, da wannan ramin zai fara cin karo. Cikin waɗanda suka yi yunƙurin tsallake shi, labarin Gani Odutokun ya fi na kowa fitowa fili. Ɗan mai fataucin koko ne, ya fara neman abinci da aikin akawu a kamfani, ya ƙare yana ɗaya daga cikin malaman zane mafiya tasiri da Jami'ar Ahmadu Bello ta taɓa samu. A Zariya labarinsa ya gudana, amma tambayar da ya bari a ƙasa ta shafi Gombe kamar yadda ta shafi Abuja.

Ɗan fatake

An haifi Gani Odutokun ranar 9 ga Agusta, 1946, a garin Nsawam na ƙasar Gana, wadda a lokacin take hannun Ingila. Iyayensa Yarbawa ne 'yan asalin Offa, a Jihar Kwara ta yanzu. Kamar yadda goro ya ja Hausawa zuwa Gwanja tun zamanin ayari, haka ciniki ya ja dubban Yarbawan Offa da Ogbomoso zuwa Gana, inda suka cika kasuwanni da ƙauyukan masu noman koko. A cikin wannan hada-hada yaron ya buɗe ido. Da cinikin koko ya juya wa mahaifinsa baya, sai iyalin suka tattara suka dawo gida Najeriya.

Wanda ya tashi ya ga yadda kasuwa ke ɗaga mutum ta kuma kayar da shi ba ya raina albashi. Bayan ya gama sakandare, Gani ya samu aikin akawu a kamfanin Nigerian Breweries. Mai karatu na yau, wanda ya saba ganin masu digiri biyu suna yawo da takardu daga ma'aikata zuwa ma'aikata, zai iya ɗaukar akawu a matsayin ƙaramin abu. A wancan zamani ba haka ba ne. Akawun babban kamfani mutum ne mai farar riga da alƙalami a aljihu, mai kuɗin da ke zuwa ƙarshen kowane wata ko an yi ruwa ko ba a yi ba, wanda dangi ke lissafawa cikin waɗanda Allah ya rufa wa asiri. Abokansa ne, da suka ga irin zanen da yake yi a gefe, suka matsa masa ya nemi gurbin karatu. Ya samu a Zariya, ya kammala digirin farko a fannin zane a 1975, lokacin yana ɗan kimanin shekara 29, ya yi na biyu a 1979.

Akwai wani abu a nan da masu ba da irin wannan labari ke yawan tsallakewa, domin yana rage masa armashi. Gani bai bar albashi ya faɗa cikin duhu ba. Da ya gama digirin farko jami'ar ta riƙe shi a matsayin mataimakin malami, kuma a sashen zane ya ci gaba da koyarwa har ƙarshen rayuwarsa. Wato daga wani albashi ya koma wani, sai dai na biyun ya ba shi ɗakin aiki, da ɗalibai, da lokacin yin gwaji. Akasarin sanannun masu zanen zamani da Arewa ta fitar haka suka rayu: aji ne ke ciyar da su, ƙyalle kuma ya yi musu suna.

Turai ma tana da nata misalan, kuma ba duka ne suka yi daɗin ƙarshe ba. Paul Gauguin dillalin hannun jari ne a Faris, mai mata da 'ya'ya da rufin asiri, har kasuwar hannun jarin ta rushe a 1882 ya rungumi zane gaba ɗaya. Ya rasu a 1903 a wani tsibiri mai nisa, cikin talauci da rashin lafiya, sai bayan ransa ne zanensa ya yi tsada. Wassily Kandinsky, Barashen da ake lissafawa cikin magabatan zane marar sura a Turai, shari'a da tattalin arziki ya karanta. A 1896, yana ɗan shekara 30, ya ƙi karɓar kujerar koyarwa a jami'a ya tafi Munik koyon zane. Shi kam yana da dukiyar gida da ya jingina da ita.

Gidan da ya shiga

Sashen da Gani ya shiga yana da tarihi tun kafin a kafa jami'ar a 1962. A 1955 aka dawo da karatun zane daga Ibadan zuwa reshen Zariya na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya, kuma a 1958 wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar da daga baya aka yi wa laƙabi da 'yan tawayen Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Ƙorafinsu shi ne malamansu Turawa suna koya musu zane kamar a Landan suke zaune, alhali a ƙofar makarantar akwai abin da ido zai koya. Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan kuma shi ma ya taɓa aikin akawu a ofishin ƙwadago a Jos, ya koma ga uli, zanen layuka da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Abokin karatunsu Jimoh Akolo ya ɗauko adon bangon gidajen Hausa ya shigar cikin aikinsa. Cikin malamansu kuma akwai Clara Ugbodaga-Ngu, haifaffiyar Kano, wadda tun a 1960 ta yi zane marar sura.

Zariya gari ne da ba ya buƙatar a shigo masa da wannan fasaha daga waje. Masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 yana nan da bakan gizonsa da adon cikinsa. Fuskokin gidajen birni suna ɗauke da dagi da da'ira da layukan da magina suka murɗa da hannu a kan ɗanyen yaɓe. Allon zayyana da ake yi wa mai saukar Alƙur'ani kuwa, idan aka cire ayoyin da ke tsakiya, abin da ya rage tsantsar lissafin launi ne da siffa. Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne: malaman Musulunci da dama suna ƙyamar zana surar abu mai rai, don haka hannun mai fasaha a ƙasar Hausa ya daɗe da karkata ga abin da ba shi da fuska. Abin da Turawa suka kira abstirak suka yi ta muhawara a kansa a farkon ƙarni na 20, a nan kayan ado ne na yau da kullum.

Haɗari da tsari

Abin da aka fi tuna Gani da shi wata dabara ce ta sarrafa fenti. Maimakon ya ɗebo fentin mai da kaurinsa ya shafa da burushi, sai ya tsinka shi har ya koma ruwa-ruwa, ya kwarara a kan ƙyalle, ya karkata ƙyallen ya bar launukan su bi hanyarsu. Wani ya gangara ya bar sawu, wani ya tsaya ya taru, biyu su haɗu su haifi na uku da ba a shirya ba. Daga nan aikin mai zane yake farawa: ya tsaya ya karanta abin da ya auku, ya yanke shawarar abin da zai bari da abin da zai danne, inda zai ja layi ɗaya ya ɗaure tarkacen ya zama gini. Shi da kansa ya raɗa wa tunanin suna da kalmomi biyu, haɗari da tsari.

Wanda bai taɓa gwadawa ba zai ce ai wannan ko yaro zai iya, kuma ita ce maganar da aka fi jifan masu zane marar sura da ita a ko'ina. Amsar tana marina. Marinin Ƙofar Mata a Kano yana ƙulle ƙyalle da zare, ya tsoma a baba, ya fitar ya sha iska, ya sake tsomawa, kuma ba ya ganin ainihin abin da ya samu sai ya kwance ƙullin. Duk da haka babu mai cewa aikinsa sa'a ce, domin na gwani daban yake da na ɗan koyo ko daga nesa. Gwanin ya san iya inda zai saki, ya san inda zai riƙe. Fentin da aka tsinka ma haka yake: idan ya yi ruwa da yawa launi ya mutu, idan aka yi jinkirin taɓa shi ya bushe a inda ba a so, idan aka cika taɓawa ya koma laka.

Ba abin mamaki ba ne a ce ɗan gidan fatauci ne ya mayar da wannan ya zama falsafa. Wanda ya sayi hatsi da kaka ya ajiye yana jiran bazara ya yi nasa tsarin, sauran kuma yana hannun ruwan sama da farashi da abin da gwamnati za ta wayi gari ta sanar. Gani ya ga rayuwa a haka, kuma ya rayu a Najeriyar da juyin mulki ke sauya komai cikin dare ɗaya.

Shi ya sa bai tsaya a launi kawai ba. A zamanin mulkin soja ya yi jerin zane a kan wani sarki da fadawansa, cikinsu har da wanda ya nuna sarkin yana raha da janar-janar ɗinsa, kuma ba sai an yi wa kowa bayanin wanda ake nufi ba. A 1991 ya yi wani mai suna Dialogue with Mona Lisa, wato zantawa da Mona Lisa, inda wani gunkin itace na Afirka ke zana shahararriyar matar nan ta Leonardo da Vinci, ita kuma tana sassaƙa shi. Kowa na ƙera kowa, babu malami babu ɗalibi. A ayyukansa sura tana fitowa daga cikin ruwan fenti ta kuma nutse, ta yadda iyaka tsakanin zane mai sura da marar sura ba ta dame shi ba.

Ya kuma fahimci cewa zane ba ya yin suna shi kaɗai, sai an yi rubutu a kansa. Shi da abokan aikinsa suka kafa ƙungiya a Zariya, suka riƙa fitar da mujallar fasaha mai suna The Eye a farkon shekarun 1990, lokacin da irin wannan mujalla ta yi ƙaranci a ƙasar baki ɗaya. Masu zane irin su Jerry Buhari da Mu'azu Mohammed Sani da Jacob Jari duk sun fito daga wannan da'ira, kuma dabarar tsinka fenti ta zama wata alama da ake gane 'yan Zariya da ita.

A watan Fabrairun 1995 Gani Odutokun ya rasu a haɗarin mota, yana kan hanyar komawa Zariya daga wani baje kolin zane a Legas. Shekararsa 48. A ƙarshen wannan shekarar aka rataya ayyukansa a zauren Whitechapel da ke Landan, cikin wani babban baje kolin fasahar zamani ta Afirka, kuma a 2000 zauren Brunei na Jami'ar Landan ya shirya wani na musamman a kansa da waɗanda suka bi sawunsa.

Hanyar da ya rasu a kanta tana da abin faɗa. A Zariya ake koyon zanen, a Zariya ake yin sa, amma mai saye yana Legas, tafiyar yini guda cur a mota. Shekara 30 bayan haka taswirar ba ta canza sosai ba. Kamfanin gwanjon Arthouse, wanda ya fara a 2008, a Legas yake. Baje kolin Art X da aka fara a 2016 a Legas ake yi. Gidan adana kayan fasaha na Yemisi Shyllon da aka buɗe a 2019 yana can. Abuja tana da 'yan zaurukan baje koli masu zaman kansu, amma daga nan zuwa gabas, mai zane sai dai ya ɗora hoton aikinsa a Instagram ya jira.

Yadda Gombe ke sa farashi

Ba za a ce rashin kuɗi ko rashin sanin ciniki ne ya hana Gombe zama kasuwar zane ba. Gari ne da ciniki ya gina. Masarautar ta samo asali daga Modibbo Buba Yero a zamanin jihadi, amma garin na yanzu sabo ne: a 1919 Turawa suka dawo da hedikwata daga Nafada zuwa Doma, inda Gombe take a yau. Auduga da gyaɗa suka ɗaga ta. An kafa injin gurzar auduga a 1956, jirgin ƙasa ya iso a 1963, kuma har wata Baturiya mai bincike, Mary Tiffen, ta wallafa littafi a 1976 a kan himmar manoman masarautar wajen neman riba. Da aka ƙirƙiro jihar ranar 1 ga Oktoba, 1996, sai kuɗin gwamnati ya haɗu da na fatake. Manyan motocin da ke lodi a Tudun Hatsi kaɗai sun isa shaida.

Abin da ya bambanta shi ne yadda ake auna daraja. Farashin hula yana da ma'auni da kowa ya yarda da shi. Ana duba ko ɗinkin hannu ne ko na inji, ana duba ƙanƙantar ɗinkin da ingancin zaren, ana ƙiyasta makonnin da mai allura ya kwashe a zaune. Tun da rikicin Boko Haram ya tarwatsa mutanen Bama da kewaye, masu wannan sana'a sun bazu cikin garuruwan Arewa maso Gabas, kuma masu saye sun ƙara gogewa wajen tantance aiki. Sannan hula tana da amfani: za a sa ta a je ɗaurin aure, jama'a su gani su san matsayin mai ita. Kuɗin da aka kashe yana yawo a kan mutum.

Zanen bango ba ya bin wannan lissafi. Kuɗin fenti da ƙyalle da kwanakin aiki ƙaramin kaso ne na farashinsa, sauran duk suna ne. Sunan kuma ana gina shi ne da baje koli, da rubutun masana, da shigar aikin mutum gidajen adana kayan tarihi, da tarihin waɗanda suka saya a baya. A watan Fabrairun 2018 aka yi gwanjon zanen Tutu na Ben Enwonwu a Landan kan fam miliyan 1.2. Ƙyalle ne da fenti kamar kowane, amma bayansa akwai shekaru sama da 40 na labari da rubutu. Ɗan kasuwar Gombe da zai sayi buhu dubu na masara bai ga cikinsu ba, bisa amanar dillali, ba baƙon kasada ba ne. Abin da ya rasa a harkar zane shi ne dillalin da zai amince da shi, da tabbacin cewa idan ya tashi sayarwa akwai wanda zai karɓa.

A ɗaya gefen kuma, masu yin zanen da kasuwar ke saye ba su da suna ko kaɗan. Ƙoren da matan Fulani da Tera da Waja ke ƙawatawa sun ja hankalin masana har wata jami'a a Amurka ta shirya musu baje koli da littafi a 1986. A kasuwa kuwa ƙwarya ce, ana taya ta da kuɗin ƙwarya, kuma roba da silba sun riga sun ci rabin kasuwarta. Matar da ta zauna da wuƙa a bakin murhu ta tsara layukan nan ba ta sa hannu a ƙasa, mai saye ma bai tambaya ba.

Yaron da ya tashi a rumfar mahaifinsa a Gombe da baiwar zane a hannunsa, hanyar da aka saba ita ce ya zama mai rubuta allon shago, ko mai yi wa manyan motoci ado, ko mai zana hoton 'yan siyasa lokacin zaɓe. Ita ma wannan hanya ta ƙuntata tun da injinan buga bana suka shigo, domin abin da mai burushi zai kwana biyu yana yi, kwamfuta za ta fitar cikin sa'a guda da rahusa. Idan ya ce zai bar rumfa ya koma zane marar sura, kayan aikin ma kansu matsala ne: fentin mai da burushi masu kyau daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki darajar naira a 2023 farashinsu ya bi dala.

Wani mai zane daga Sudan ya taɓa shiga irin wannan tsaka mai wuya. Ibrahim El-Salahi, ɗan malamin makarantar allo a Omdurman, ya yi karatun zane a Landan a shekarun 1950, ya dawo gida ya baje kolin abin da ya koyo a Kartum. Mutanensa suka zo suka gaisa suka tafi, aikin bai taɓa su ba. Sai ya koma ya duba abin da suke ratayawa a ɗakunansu da kansu, ya tarar rubutun Larabci ne da adon tabarma da faifai. Daga nan ya fara narkar da haruffa su zama siffofi, kuma da wannan salon duniya ta san shi. Ya riƙe babban muƙami a ma'aikatar al'adu ta ƙasarsa, aka ɗaure shi wata shida a 1975 ba tare da shari'a ba bisa zargin hannu a yunƙurin juyin mulki, kuma a 2013 gidan Tate Modern na Landan ya shirya baje kolin ayyukan rayuwarsa. Idan mai zanen Gombe zai sami mai saye a gida, da wuya ya same shi ta hanyar kwaikwayon abin da ake yi a Niyok. Ya fi kusa da samun sa ta wajen idon da ya riga ya iya zaɓen hula.

Bangon ofis

Ma'aikacin tarayya yana da hannu a wannan magana ta fuska biyu. Ta farko, shi ne mai saye ko da bai sani ba. Duk ofishin da aka gyara a Abuja akwai wanda ya zaɓi abin da za a rataya a bangonsa, kuma duk baƙon da ya zo daga waje akwai hadimin da aka tura ya nemo tsarabar da za a miƙa masa gaban kyamara. Galibi abin da ake samu shi ne hoton shugaba, da agogo, da wani bugun inji na dawakin hawan sallah da aka sayo a bakin titi. Kuɗin da ake warewa irin wannan hidima, da kaɗan daga cikinsa zai riƙa zuwa ga aikin hannu mai sa hannun mai shi, da ɗaliban zane na Zariya da Maiduguri sun sami dalilin ci gaba da zane bayan sun gama hidimar ƙasa. Gwamnati ta taɓa sanin wannan. Enwonwu kansa ma'aikacinta ne, mai ba ta shawara kan harkar zane tun daga 1948, kuma hoton Ladi Kwali, maginiyar tukwane da ta yi aiki a cibiyar da ke Suleja ta yanzu, yana bayan takardar naira 20.

Ta biyu, wasu daga cikin ma'aikatan su ne Gani na gobe, masu zane a bayan takardar taro yayin da jawabi ya yi tsawo. Su kuma doka ta yi musu iyaka. Jadawali na biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko sana'a ta kansa, in ban da noma. Yin zane a gida ranar Asabar ba laifi ba ne, amma buɗe wurin sayar da shi magana ce da ya kamata mutum ya nemi shawarar masana doka kafin ya fara. Ga mafi yawa, ƙofar tana buɗewa ne a shekara 60 ta haihuwa ko 35 ta aiki, lokacin da fansho zai iya tsayawa a matsayin da albashin jami'a ya tsaya wa Gani, idan ya fito a kan kari. Sai dai hannu ba ya jiran ritaya. Gani ya shafe shekara 20 yana koyarwa yana zane kafin Landan ta rataya aikinsa, kuma ya fara ne yana da ƙuruciya.

Hukumar da aka ɗora wa alhakin tattarawa da adana zanen zamani na ƙasa, wato Gidan Zane na Ƙasa, an kafa ta da dokar soja a 1993, shekara biyu kafin rasuwar Gani. Shugabanninta sun sha kokawa cewa ba ta da wani katafaren gini nata na kanta a Abuja inda jama'a za su shiga su ga abin da ta tara. A 2023 aka ware wa fasaha da al'adu ma'aikata guda ƙarƙashin Hannatu Musawa. A watan Oktoban 2025 kuma aka buɗe wani babban baje koli na tarihin zanen zamani na Najeriya, mai ɗauke da ayyukan 'yan tawayen Zariya da na Ladi Kwali, a gidan Tate Modern da ke Landan.